Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Lafiya Da Na Muhalli Na Jihohin Arewa Kan Cutar Ɓera Mai Taɓa Ƙoda

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Masu girma kwamishinoni, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, tare da addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar lafiyar jama'a da aka ɗora muku. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, jini da fitsarin marasa lafiya su ne abin dubawata kullum. Kafin nan kuma ɗan mai sito ne, a cikin buhunan gero da dawa da wake na tashi. Na rubuto wannan wasiƙa a madadin mutanen da na girma a cikinsu: 'yan dako, masu gadin sito, yaran shago da ke shimfiɗa tabarma su kwana a tsakanin buhuna, matan da ke sheƙe tsintar hatsi a bakin kasuwa, da masu shara da ake kira da asuba su kwashe abin da ya taru. Su ne suka fi kowa shaƙar ƙurar da zan yi magana a kanta, kuma su ne ba a cika jin muryarsu ba.

Duk shekara idan sanyi ya shigo aka fara jin labarin zazzaɓin Lassa, sai sanarwa ta cika rediyo: a tsaftace gida, a share kasuwa, a kori ɓera. Shugabannin kasuwa su tsayar da ranar shara, kowa ya fito da tsintsiya, a buɗe sitocin da suka yi watanni a kulle, ƙura ta turnuƙe har mutum ba ya ganin na kusa da shi. Niyyar mai kyau ce, babu mai musu. Sai dai sanarwar ta tsaya a kan "a share", ba ta faɗi yadda za a share ba, kuma a bakin hukuma sharrin ɓera bai wuce Lassa ba. Alhali akwai wata cutar da ɓera ke ɗauke da ita, wadda babbar hanyar kamuwa da ita ita ce irin wannan busasshiyar shara, kuma ƙoda take fara nema. Likitoci na kiran ƙwayar cutar hantabairos. Sunan ya samo asali ne daga kogin Hantan na ƙasar Koriya, don haka kada a ji shi a ɗauka ciwon hanta ake nufi.

A lokacin yaƙin Koriya, tsakanin 1950 da 1953, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya sama da 3,000 suka kwanta da wani zazzaɓi mai zubar da jini da tsayar da fitsari. Likitocin soja, da duk kayan aikin da suke da su, sun kasa gano mafarinsa. Sai a 1976 wani masani ɗan Koriya ta Kudu, Ho Wang Lee, ya gano ƙwayar a huhun wani ɓeran gona mai zane a baya, wanda aka kamo a yankin wancan kogi. Fiye da shekara ashirin kenan ana jinyar cuta ba a san mai kawo ta ba, ga shi kuwa yana yawo a ƙarƙashin ƙafar mutane. Daga baya aka gane danginta na da yawa. Akwai ta Puumala, wadda ke kama mutane sama da dubu a yawancin shekaru a ƙasar Finland. Akwai ta Dobrava a yankin Balkan. Ƙasar Sin ce ta fi kowace ƙasa shan wahalarta, domin a 1986 kaɗai an ƙirga masu ita sama da 100,000, kafin yaƙi da ɓeraye da gyaran muhalli da allurar rigakafi su sauko da adadin ƙasa sosai. A nahiyar Amurka kuma akwai wasu nau'o'in da huhu suke kamawa, waɗanda aka gano a 1993. Waɗannan ba su ne damuwata a yau ba.

Wadda ta hana ni sakewa ita ce ake kira ta Seoul. Sauran kowace na da ɓeran dajinta da ba ya barin yankinsa. Ita wannan ɓeran gari ne ke ɗauke da ita, irin ƙaton nan na kwata da mayanka, da baƙin nan mai hawa rufi, waɗanda jiragen ruwa suka rarraba a kowace tashar duniya. A 2020 aka wallafa binciken da ya same ta a jikin baƙaƙen ɓeraye a Senegal. A 2021 aka wallafa wani da ya same ta a jikin ɓerayen tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ranku ya daɗe, ba sai na faɗa muku mece ce Kwatano a wurin ɗan kasuwar Arewa ba. An yi shekara da shekaru shinkafa da gwanjo da motoci suna tasowa daga can, su bi ta Malanbil da Gaya zuwa Maraɗi, su gangaro kasuwanninmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa ana sauke tirela ya san ɓera ma fasinja ne. Tun kafin wannan, a 2006, an gano wata hantabairos ta Afirka a ƙasar Gini, wadda aka sa wa sunan ƙauyen Sangassou, kuma gwajin jinin mutanen yankin ya nuna wasu sun taɓa kamuwa da irin wannan ƙwaya.

Ba ina cewa annoba ta ɓarke a garuruwanmu ba ne, kuma ba na son a ɗauki wasiƙata a tayar wa jama'a da hankali. Maganata ita ce: ɓeran yana nan, hanyar kayan tana nan, an samu ƙwayar a maƙwabta, ga masu zazzaɓi da ƙodarsu ke tsayawa suna zuwa asibitocinmu, mu kuma ba ma neman ta. Abin da ba a nema ba, ba zai taɓa shiga rajista ba, sai a zauna a ce babu shi.

Ga yadda take aiki, domin a nan ne matsalarmu ta farko take. Ɓeran da ke ɗauke da ƙwayar lafiyarsa ƙalau, yana zubar da ita a fitsari da kashi da yawu tsawon lokaci. Idan suka bushe a ɗaki mai duhu da rashin iska, ƙwayar na iya yin kwanaki da ranta. Mutum ya zo ya sa tsintsiya, ko ya ɗaga buhu ya kakkaɓe, ƙurar ta tashi ya shaƙa. Cizon ɓera ma na iya sa ta, haka taɓa ƙazantar da hannu mai rauni. Irin mai taɓa ƙoda ba ta bi daga mutum zuwa mutum, wannan kuma sauƙi ne daga Allah. Bayan mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci har mako takwas, sai zazzaɓi ya sauko farat ɗaya da ciwon kai mai tsanani, ciwon baya da na ciki, jin sanyi, tashin zuciya, ido ya yi ja, wani ma gani ya dushe masa. To wane ne a cikinmu zai ji wannan bai ce zazzaɓin cizon sauro ba ne, ko taifot?

A ciki kuwa ƙwayar ta kama bangon ƙananan jijiyoyin jini, suna yoyo. Ruwan jini na tsiyaya zuwa inda bai kamata ba, ƙwayoyin da ke daskarar da jini suna raguwa. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin kan sauka, dangi su ce an samu sauƙi, alhali a lokacin ne bugun jini ke faɗuwa. Sai fitsari ya ragu ko ya ɗauke gaba ɗaya, dattin da ƙoda ke tacewa ya taru a jiki, mutum ya kumbura, ya riƙa amai, hankalinsa ya fara gushewa. Wanda ya tsallake wannan mataki sai fitsarin ya ɓalle, ya riƙa zuba lita-lita a rana, nan ma idan ba a mayar masa da ruwa da gishirin jiki daidai ba yana iya tafiya. Warkewa kuma kan ɗauki makonni ko watanni. Nau'in Hantan da na Dobrava kan kashe tsakanin mutum 5 zuwa 15 cikin 100. Na Seoul da Puumala sun fi sauƙi, yawanci ƙasa da mutum ɗaya cikin 100. Amma a tuna, waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da ake gane cutar da wuri suke, inda injin wankin ƙoda ke jiran mara lafiya. A wurin da sai mutum ya kwana uku bai yi fitsari ba ake tunanin ɗaukar mota zuwa birni, lissafin ba zai zama ɗaya ba.

Kukana na farko, don haka, shi ne yadda muke karɓar mai zazzaɓi. A yawancin ƙananan asibitocinmu tambaya biyu ce: cizon sauro ne ko taifot? A tsaga yatsa a gwada na farko, a yi gwajin Widal a ce na biyu ne, gwajin da mu masu yin sa mun san yana nuna alama ko ga mai lafiya. Idan magani bai yi ba, a ƙara wani. Ba a tambayar mutum aikin me yake yi, ba a tambayar ko ya share sito kwanan nan, ba a tambayar yaushe rabonsa da fitsari. Tsinken gwajin fitsari, wanda ke nuna furotin da jini cikin minti biyu, yana daga cikin kayan gwaji mafi araha da muke da su, amma sau da yawa sai a tarar babu shi a ɗakin shan magani na karkara, ko yana nan ba a saba ɗauko shi don mai zazzaɓi ba.

Na ga wannan da idona a kan wani ɗan dako, matashi mai ƙarfi, da ya yi wa mahaifina aiki. Gab da shigowar sabon hatsi aka sa shi da abokansa su kwashe wani tsohon sito. Bayan wani lokaci zazzaɓi ya kayar da shi, yana kukan bayansa kamar zai tsinke. Ya je kemis aka ba shi maganin cizon sauro da allurar kashe ciwo, ya koma aka ce taifot ne, aka sake wata allurar. Sai da ƙafafunsa suka kumbura, matarsa ta lura rabonsa da fitsari tun shekaranjiya, aka kawo shi birni. Wankin ƙoda ne ya cece shi da ikon Allah, bayan an sayar da akuyoyin gidan, 'yan kasuwa kuma sun yi karo-karo. Ƙodarsa ta dawo aiki, yau yana ɗaukar buhu. An gwada shi Lassa ba a samu ba, daga nan bincike ya tsaya, aka rubuta "ciwon ƙoda" aka rufe fayil. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa hantabairos ce ta kama shi, domin ba a gwada ba. Tun daga kemis har gadon asibiti kuwa, babu wanda ya tambaye shi labarin ɓera.

Wannan ya kai ni kan masu kemis da allurar kashe ciwo. Ciwon baya mai tsanani yana cikin manyan alamomin cutar, mu kuwa abin da aka saba bai wa mai ciwon baya shi ne diclofenac ko ibuprofen, wani lokaci a haɗa da allurar gentamicin don "taifot". Duk ma'aikacin lafiya ya san waɗannan magunguna na ƙara wa ƙodar da ta raunana nauyi, na farkon biyu kuma suna ƙara haɗarin zubar jini. Mai kemis ba mugu ba ne, shi ne likitan da talaka ke iya kai wa da ƙafa. Ba a taɓa zaunar da shi an ce masa idan zazzaɓi ya haɗu da raguwar fitsari ya ajiye sirinji ya tura mutum gaba ba. Wa ya kamata ya zaunar da shi in ba ma'aikatunku ba?

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke karya gida. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. An gode, amma asibitocin ƙalilan ne, kuma layin masu ciwon ƙoda na dindindin ya riga ya cika su. Akwai bambancin da ya kamata masu tsara kasafi su riƙe. Mai ciwon ƙoda na dindindin zai yi ta wanki har ƙarshen rayuwarsa ko a yi masa dashe. Wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya saboda irin wannan zazzaɓi kuwa, yawanci wanki kaɗan yake buƙata ya tsallake makon haɗari, ƙodar ta farfaɗo, ya koma gona ko kasuwa. A rasa irin wannan mutum saboda babu gurbi ko babu kuɗin zama biyu ko uku, wannan asara ce da ake iya kauce mata da kuɗi kaɗan.

A nan dole in ambaci Gashuwa da kwarin Haɗeja. Shekaru ke nan mutanen wannan yanki suna binne 'yan'uwansu saboda ciwon ƙodar da har yau ba a kammala gano musabbabinsa ba. An zargi ruwan sha, an zargi magungunan feshi na gona, an zargi zafin rana da ƙarancin shan ruwa, an zargi yawan shan maganin kashe ciwo. Ba na ɗora wa ɓera wannan laifi. Amma a ƙasar Sri Lanka, inda manoman shinkafa ke fama da irin wannan ciwon ƙoda mara sanannen dalili, masu bincike a yankin Girandurukotte sun duba jinin marasa lafiya suka tarar alamar taɓa kamuwa da hantabairos ta fi yawa a cikinsu fiye da masu lafiya. Binciken bai yanke hukuncin cewa ita ce sanadi ba, ana kan tattaunawa. Duk da haka, yanki ne na fadama da shinkafa da rumbuna, kamar namu. Idan ana ɗibar jinin mutanen Bade da Haɗeja don neman gubar ƙarfe da sinadarai, ƙara wannan gwaji a kan jinin da aka riga aka ɗiba ba zai ci wani abin kirki ba, kuma ko sakamakon ya fito babu, an rage zargi ɗaya.

Akwai kuma wata cutar ta fitsarin ɓera da ake kira leftosifirosis, wadda ke shiga ta fata idan an taka gurɓataccen ruwa. Ita ma zazzaɓi take kawowa ta taɓa ƙoda, kuma an samu ƙwayarta a jikin ɓerayen lambunan bakin kogi a Yamai. Ita wannan kuwa tana jin maganin da ke kowane kemis idan an gane ta da wuri. Lassa kanta, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, idan ta taɓa ƙoda ta fi kisa. Cututtuka uku kenan daga ɓeraye, dukkansu suna iya ƙarewa a kan injin wanki, mu kuma ɗaya kawai muke kira da suna.

Ranku ya daɗe kwamishinonin muhalli, yanzu na juyo gare ku. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu 'yan kasuwa muna da namu laifin: muna jibge buhu a ƙasa jingine da bango, muna barin zubabben hatsi ya kwana, muna toshe kwata da leda. Amma mai sito ɗaya ba zai iya kwashe bolar da ta kai tsayin katanga a bayan layinsa ba, ba zai iya gyara magudanar da ta karye ba. Ko ya kashe ɓera ɗari a daren yau, wasu ɗari za su tsallako daga jujin gobe. Dattawanmu suna ba da labarin duba-gari, wanda jin tahowarsa kaɗai ke sa a gyara gida. Yau a kasuwanni da yawa mai karɓar haraji kullum yana zuwa, mai duba tsafta kuwa sai an yi baƙi. Abin da ya maye gurbinsa shi ne mai tallan maganin ɓera da lasifika, yana sayar da garin da babu suna babu tambari, ana barbaɗa shi kusa da abincin da za a kai wa mutane. Da safe yaro ya zo ya tsince gawarwakin da hannu, ya jefa a kwata, ya goge hannun a riga ya sayi ƙosai. Wannan fa a kasuwannin da ke ciyar da rabin ƙasa ake yi, har da maƙwabta.

Ga abin da muke roƙo.

A gyara sanarwar shara tun kafin ta sake fita. Hanyar da masana suka amince da ita ba ta da tsada ko kaɗan. A buɗe ƙofa da tagogin sito a bar iska ta ratsa na aƙalla minti 30, mutane suna waje. Kada a sa busasshiyar tsintsiya a kan kashin ɓera. A haɗa ruwan bilic, irin su Hypo da ake wanki da shi, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, a jiƙa wurin sosai, a bar shi minti biyar, sannan a kwashe da tsumma ko shebur. A sa safar hannu ta roba da takunkumi. Mataccen ɓera ma a jiƙa shi da ruwan, a ɗauka da leda a ƙulle, a saka a wata ledar, a binne ko a ƙona. A wanke hannu da sabulu. Tabarma da buhunan da ba su jure ruwa a shanya su a rana. Wannan bayani bai fi minti ɗaya a rediyo ba, kuma yana kare mutum daga Lassa kamar yadda yake kare shi daga wannan. A ba limamai su faɗa bayan sallar Juma'a, a ba sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan dako, a faɗa da Hausa da Fulatanci da Kanuri. A sanarwar a ce "cutar ɓera mai taɓa ƙoda", kowa zai gane.

Tunda hukuma ce ke kiran ranar shara, hukuma ta zo da bilic da safar hannu da takunkumi, ko ta wajabta wa ƙungiyoyin kasuwa su saya daga kuɗin da suke karɓa. Ɗan dakon da ake biya ladan wuni ba zai cire kuɗin takunkumi daga abincin 'ya'yansa ba, kuma bai kamata a sa shi zaɓi ba.

A asibitoci, muna roƙon a ƙara tambaya biyu a takardar karɓar mai zazzaɓi: ko ya yi hulɗa da ɓera ko ƙurar sito ko rumbu cikin wata biyu da suka wuce, da kuma yadda fitsarinsa yake. A wadata kowane ɗakin shan magani da tsinken gwajin fitsari. Duk zazzaɓin da ya wuce kwana uku bai ji maganin cizon sauro ba, a gwada fitsarin. Idan aka ga furotin ko jini, ko mara lafiya ya ce fitsari ya ragu, a tura shi babban asibiti a ranar, a duba kiriyatinin, wato sinadarin jini da ke nuna aikin ƙoda, da ƙwayoyin daskarar da jini. A haɗa kai da ƙungiyar masu kemis a isar musu da wannan saƙo, da gargaɗi a kan allurar kashe ciwo. Ma'aikatan jinya kuma a tuna musu cewa ƙarin ruwa barkatai ga wanda fitsarinsa ya tsaya na iya cika masa huhu, domin ruwan ba shi da mafita. Wannan cuta ba ta da wani takamaiman magani da ake dogara da shi. An gwada ribavirin, wanda muka sani a jinyar Lassa, a ƙasar Sin, ya kuma nuna amfani idan an fara da wuri, amma abin da ya fi ceton rai shi ne lura da ruwa da bugun jini da yin wanki a kan lokaci. Allurar rigakafin da ake da ita a Sin da Koriya ta Kudu take, don haka mu abin da ke hannunmu shi ne tsafta da saurin ganewa.

Babban roƙona kuwa shi ne a fara nema. Ku rubuta wa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, a hukumance, ku nemi a riƙa gwada hantabairos da leftosifirosis a kan jinin da aka aika don Lassa ya fito babu, musamman idan mai jinin ƙodarsa ta taɓu. Jinin ya riga ya isa ɗakin gwaji, an riga an biya kuɗin mota. Ƙwararrun da ke Irrua da Owo da Abakaliki da Abuja sun daɗe suna irin wannan aiki, kuma tun lokacin korona jihohi da dama sun samu na'urar PCR ta gano ƙwayoyin cuta da ma'aikatan da suka iya ta. Abin da ya rage shi ne sinadaran gwajin da umarni daga sama. A lokaci guda a ba jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, masu sassan likitancin dabbobi ko nazarin halittu, ɗan tallafi su ɗana tarko a manyan kasuwannin hatsi irin su Dawanau, da mayanka, da garejin tireloli, da garuruwan iyaka irin su Jibiya da Illela da Kamba, su duba abin da ɓerayenmu ke ɗauke da shi. Haka aka yi a Kwatano aka gano. Sakamakon kuma a faɗa wa jama'a da harshen da suke ji, kada ya tsaya a mujallar da babu mai karanta ta a kasuwa.

A kowace cibiyar wankin ƙoda ta jiha, a ware gurbi da ɗan asusu don waɗanda ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya, a fara yi musu wanki kafin a tambayi kuɗi. A kuma buɗe rajistarsu daban, a rubuta sana'ar kowa da garinsa da watan da ya zo. Cikin shekara guda rajistar da kanta za ta nuna ko 'yan dako da manoma ne suka fi yawa, ko kuma bayan kaka suke zuwa.

Game da kasuwanni, a dawo da masu duba tsafta da ikon aiki, a kwashe bola a kan kari, a gyara kwatoci. A sa doka mai sauƙi cewa buhu ya hau katako, ya bar tazara tsakaninsa da bango, a toshe ramuka da siminti, a sa raga a tagogi. A samar wa yaran shago da masu gadi wurin kwana da ba cikin sito ba, ko rumfa ce. A hana sayar da maganin ɓera mara rajista kusa da abinci, a ƙarfafa amfani da tarko. Matasan da ke cinna wa daji wuta don farautar gafiya su ma a kai musu saƙon, domin wutar na koro ƙananan ɓeraye cikin gari, su kuma suna feɗe abin da suka kama da hannu tsirara.

Sharar sito mafi girma ana yin ta ne gab da kaka, lokacin da ake share wuri don sabon hatsi. Muna roƙon sabuwar sanarwar da kayan kariya su riga wannan lokaci isa kasuwa, wasiƙarku zuwa NCDC kuma ta fita tun kafin sanyi ya shigo. Idan kuka tashi zama a kan wannan batu, ku gayyato shugabannin 'yan dako da masu shara su zauna tare da likitoci, domin su ne suka san sitocin da ɓera ya fi yawa da watannin da mutanensu suka fi kwanciya.

Allah Ya ba ku ikon dubawa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naku,
Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, a madadin 'yan dako da masu sito da masu shara na kasuwannin hatsi.